Mai Lambu da Rinar Wansa

Akwai wani mutum mai lambu a bakin rafi, shi da wansa suke nomansa tun suna samari. Wan nasa yana da wata al'ada da mutanen gari suke yi wa dariya: kiwon rina yake yi. Waɗansu na kiwon tantabaru, waɗansu zomaye, shi kuwa abin da kowa yake gudu saboda harbi, shi ya ɗauka nasa. Dalilinsa shi ne, rina suna kama tsutsotsin da ke cin ganyen kuɓewa da tumatir, su kai wa 'ya'yansu. Lambun da rina suke ciki ba ya neman feshi.

In damina ta wuce, sai wan ya yanko reshen da sheƙar rinar take rataye a jiki, ya sa a wani akurki da ya rufe da ragar waya, a inuwar rumbu. Yana ba su ruwan rake, yana tsinto musu tsutsa. Lokaci lokaci kuma yakan karyo guntun tsohon itace daga danga, irin wanda rana da ruwa suka mai da shi toka-toka, ya jefa musu. Da shi suke gini. Su kankare shi da baki, su tauna, su kwaɓa da yawunsu, su yi ta ƙara ɗakuna a sheƙar. In ruwa ya sauka, sai ya mai da su lambu.

Wata shekara da rani zazzaɓi ya kama wan. Bai daɗe yana jinya ba ya rasu.

Ƙanen ya yi kuka har ya gaji. Kayan mamacin aka raba, ɗakinsa aka rufe, abin da ya rage yana motsi a cikin gida daga abubuwan wansa shi ne rinar nan. Sai ya ɗauki kiwonsu. Da safe kafin ya sha koko yana gaban akurki, da yamma ma yana can. Wani lokaci har magana yake yi musu.

Wata rana yana share akurkin, ya ga guntayen itacen nan, duk sun tsufa, sun tsattsage. Zuciyarsa ta karye. Ya ce a ransa, “Wayyo Yaya, abin da ka samu ke nan ka ba su? Ni zan ba su abin da ya fi wannan.” Ya kwashe itacen tas, ya zuba a murhu.

A ɗakin ajiya na majami'a akwai ragowar takardun adon Kirsimeti, ja da kore da ruwan ɗorawa, masu laushi kamar auduga. Ya roƙa, aka ba shi. Ya yayyanka, ya zuba wa rina.

Da farko ba su taɓa ba. Suka yi ta zagaya akurkin, suna sauka a kan waya suna tashi. Amma wanda aka kulle, abin da ke gabansa da shi yake aiki. Ɗaya ta sauka ta ɗanɗana, sauran suka bi. Sheƙar ta fara girma da layin ja, sai kore, sai ruwan ɗorawa, tana sauka ƙasa kamar zanen amarya. Can sama kaɗai, wurin da aka gina tun wansa yana da rai, ya rage toka-toka.

Labari ya bazu. Masu dariya a da suka riƙa leƙowa ta kan danga. Wani maƙwabci ya ce, “Kai, Baban Tabita! Rinarka ma sun shiga ƙungiyar zumuntar mata ne? Ga su da anko!” Aka yi dariya, shi ma ya yi, karo na farko tun ranar jana'iza.

Matarsa ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ce, “Baban Tabita, ka lura da su kuwa? Kullum suna manne a gefen da ke kallon danga. Akwai abin da suke nema. Ka ɗan buɗe musu mana, su je su ɗebo abin da ransu yake so, su dawo.”

Ya ce, “In ba su dawo ba fa?”

“'Ya'yansu suna ciki, ina za su?”

“Ke dai bar ni. Yaya ma da ya tafi, 'ya'yansa suna nan. Su kaɗai suka rage mini, ba zan buɗe ba.”

Ta koma bakin turminta.

Damina ta kusato, kuɓewa ta fito, tsutsa ta fara huda ganye. Ba yadda zai yi, lokacin aikinsu ya yi. Ya ɗauki reshen a hankali kamar mai ɗauke da jariri, ya ɗaure shi a jikin zogalen da wansa ya saba ɗaurawa. Rina suka watsu cikin lambu. Ya tsaya yana kallo, ransa fari.

Da la'asar hadari ya haɗu daga gabas. Ba ma wani babban ruwa ba ne, irin wanda sheƙar rina ta saba sha kowace shekara ta bushe. Yana tsaye a ƙarƙashin bukka ya ga jan launin sheƙar ya fara ɗiga. Koren ya bi. Ya ruga cikin ruwan, ya tara hannu biyu a ƙarƙashin sheƙar, rina suna harbinsa bai ji ba. Ɗakunan suka jiƙe, suka yi nauyi, suka saki, suka zubo a tafinsa kamar kunu, tare da fararen 'ya'yan da ke ciki. Saman nan mai toka-toka bai ko motsa ba, amma ɗan kaɗan ne, ba kowa a cikinsa.

Da ruwa ya ɗauke, rinar da suka rage suka ɗan zagaya reshen. Sa'an nan suka tashi suka haye rafi. Ba su ƙara dawowa ba.

Matarsa ta same shi zaune a cikin laka, hannuwansa sun kumbura, duk launi. Ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Ta ce, “Tashi mu je gida, Baban Tabita, ka canja riga.”

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: rinar nan su ne waɗanda Allah ya sa a hannunmu, 'ya'yanmu da ƙannenmu, har da zuciyarmu kanta. Kowa gini yake yi a cikinsa kullum, da abin da aka ajiye a gabansa kuwa yake yi. Takarda mai launi ita ce magana mai daɗi wadda ba ta taɓa shan ruwa ba: cewa mai bin Yesu ba zai yi kuka ba, cewa in ka yi addu'a da ƙarfi naka ba zai mutu ba. Tana da kyau a ido, mutane za su yaba. Tsohon itace kuwa shi ne Maganar Allah a bakin waɗanda wahala ta riga ta duka, ba su kuwa rabu da Ubangiji ba. Ga su nan a bencin baya kowace Lahadi: gwauruwar da ta binne 'ya'yanta tana kuma raira waƙa, dattijon da idonsa ya tafi amma bai fasa zuwa sujada ba. Ba su da kyan gani. Muna wuce su mu gaishe su sama-sama, muna janye yaranmu kada su ji labarin baƙin ciki.

Akurkin shi ne tsoronmu. Mu da muka kai namu kabari, mun san shi. Mukan riƙe abin da ya rage mana da ƙarfi, mu zaɓa masa mai laushi kaɗai, muna cewa tausayi ne. Mutumin nan ba mugu ba ne, abin da ya fi ciwo ke nan. Da ƙauna ya ƙone itacen, da ƙauna ya kulle ƙofar.

Yau in an tashi daga sujada, kada ku yi saurin fita. Ku kama hannun yaranku, ku kai su bencin baya, ku zauna, ku bar tsofaffin nan su faɗa musu yadda Allah ya riƙe su ranar da kome ya zube. Gama ruwa yana zuwa kan kowane gida, in ya zo kuwa ba ya tambaya ko da ƙauna aka yi ginin.