Askar Hankurau da 'Ya'yan Tsatsa

Dalilin da ya sa za ku ga jan garin nan da ake kira tsatsa ya rufe ganyen gero, alhali ga gyaɗa a gindinsa kore shar, aikin wani wanzami ne. Ku matso ku ji, kai mai gyangyaɗi kuma ka wartsake.

A da can Tsatsa tsohuwa ce guda ɗaya, ja jawur, mai 'ya'ya rututu. In suka sauka a gona ba sa zaɓe, gero da dawa da wake da gyaɗa duk shara suke yi. Damina biyu a jere suka yi wa Hankurau wanzami haka. A ta uku sai da matarsa Barmani ta share gindin rumbu da tsintsiya kafin a sami iri. In wannan shukar ta tafi, babu sauran zama, sai su bar garin da aka binne iyayensu.

Wata safiya ya biya ta gona da zabirarsa a rataye, zai wuce gidan suna. Sai ga tsohuwar zaune a kan kunya, 'ya'yan suna ta dambe a gabanta. Ya tsaya cak. Amma kun san wanzami, ko yana jin tsoro bakinsa ba ya mutuwa.

Ya ce, "Sannu da hutawa, Iya."

Ta ce, "Ina na ga hutu, ɗan nan? Dube su, kamarsu ɗaya. Ni da na haife su ban san wanda ya ci da wanda bai ci ba. Mai ƙarfi ya ci sau uku, autana kuwa kwana biyu bai sa komai a baki ba."

"Ashe ba a yi musu zane ba? Haba Iya! Mu nan da an kalli fuskar mutum an san gidansu, an san tukunyar da zai ci."

"Yi musu, don Allah. Me zan ba ka?"

"Alkawari kawai. Wanda na yi wa zanen gida, a gidan zai ci, shi da jikokinsa."

Tsohuwa ta gaji da rabon faɗa, nan take ta rantse.

Hankurau ya wasa aska, ya fara da ƙattin, masu ciki kamar taiki. Wannan ya yi masa zanen gamba, wancan na tofa, wani na harƙiya, wasu na itatuwan daji. Kowa aka gama masa sai iska ta ɗauke shi zuwa gidansa.

Tsohuwa ta yamutsa fuska. "Kai wanzami, duk daji kake kai mini su?"

"Daji ya fi gona faɗi, Iya."

"To, huɗun nan ƙanana ne, ba za su iya daji ba. A gonar nan za su zauna."

Ina Hankurau ya ga halin musu? Biyu daga cikinsu tagwaye ne, ya ja musu zane iri ɗaya, ɗaya gidan gero, ɗaya gidan dawa. Na wake ya yi masa ɗigo-ɗigo. Auta kuma ɗigon da ke ɓoye a ƙarƙashin ganyen gyaɗa, shi da ko lasa ya yi ya ƙoshi.

Bai gama goge aska ba, ɗan gidan gero, wanda ya fi su haɗama, ya cinye ganye biyu ya miƙa hannu ga gyaɗa. Hankurau ya zuba ido. Sai ji ya yi tas! Uwar ta make hannun.

Ta ce, "Ba gidanku ba ne."

Wayyo daɗi! Hankurau ya zauna daɓas a kan kunya, ya ja ajiyar zuciya, har ya manta ana jiransa a gidan suna.

A shekarar rabin geron ya tafi, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma dawa ta yi, wake ya yi, gyaɗa kuwa sai da aka ari tabarmin maƙwabta wajen shanya. Barmani ta leƙa rumbu, ta juyo da hawaye ta ce, "Maigida, ba inda za mu."

Shi ya sa har yau tsatsa dangi ce mai yawa, uwa ɗaya, amma kowace da zanenta da gidanta. Shi ya sa kuma iyayenku ke haɗa gero da wake da gyaɗa a gona ɗaya, don in ɗan gidan nan ya tashi da yunwa, ya ci nasa ya bar mana na maƙwabta.