Amyar Kan Tsamiya

An ce tun zamanin da dabbobi ba su yi fushi sun daina yi wa mutane magana ba, an yi wani Sarkin Zuma a garin Kwarin Ɗorawa, sunansa Barau. Amya arba'in ya gada wurin ubansa, duk a ɗaure kan itatuwan bayan gari. Cikin shekara bakwai saura ɗaya mai rai. Wasu tsutsa ta cinye saƙarsu, wasu ƙudajen suka yi ta zubewa matattu a ƙofa, sauran dage ya fasa, dabbar nan mai farin baya da ba ta da aiki sai satar zuma. Wadda ta rage tana kan wata tsamiya, lafiyarta lau, amma masifaffiya ce ta ƙin ƙarawa. Ran nan ta yi wa Barau harbin da ya rufe masa ido ɗaya ruf, ya rantse sai ya ƙone ta.

Da hantsi ya ɗauki bakin wuta ya nufi tsamiya. A gindinta ya tarar tarkonsa ya kama wani tsohon dage.

Barau ya ce, "Yauwa, ɓarawo! Kai da su duk yau zan gama da ku."

Dage ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ina hannu, ba inda za ni. Amma kafin ka hau, ji labarin mai zumar da ya so ƙudaje su yi masa ladabi."

Barau ya ce, "Faɗi, ka gaggauta, wutata na ci."

Dage ya ce, "An yi wani mutum mai amya ɗari. Ba mugu ba ne, kuma da mugu ne da ɓarnar ba ta kai haka ba. Shi dai ba ya son harbi. Duk amyar da ta tasam masa in ya zo ɗiba, sai ya cinna mata wuta, ya kwashe zumar, ya ce ya yi maganin marasa kunya. Wadda ta yi laƙwas kuwa, ita ce 'yar lele. In ta rame ya dama mata ruwan zaƙi, in tsutsa ta shige ta ya zauna ya tsince da hannunsa, in ta yi ƙaranci ya haɗa ta da wata ramammiyar. Mutane suka yi ta yabonsa, wai ga mai zumar da ke ɗiba ba riga.

"Wata rana wata tsohuwa mai sayen kaki, ana ce mata Iya Tabawa, ta same shi yana yi wa wata amya jinya. Ta tsaya ta dube shi, ta ce, 'Ɗana, zo in ba ka labarin kajina, don na ga ƙafarka a hanyar da na bi.' Ya ce, 'Ina jin ki, Iya.'

"Ta ce, 'Da ƙuruciyata kaji talatin gare ni. Cikinsu akwai masu faɗa, in na kai hannu ɗaukar ƙwai su sare ni har jini. Ni kuwa ga zuciya. Duk wadda ta sare ni, ranar za ta kwana a tukunya. Shekara uku na yi ina wannan gyara, har gidana ya zama sai salihan kaji, ka ɗaga uwa ka kwashe ƙwanta tana kallonka. Na ce madalla. Sai damina ta zo, shirwa ta gano gidan. Wallahi ina zaune a tsakar gida take sauka ta ɗauki ɗan tsako a gaban uwarsa, uwar ko fiffike ba ta ɗagawa. Ta ina za ta ɗaga? Masu ɗagawar na cinye su da tuwo. Ban zagi shirwa ba, ɗana, ni na share mata hanya.'"

Dage ya ce, "Ka san abin da mai zumar ya ce mata? Cewa ya yi kaza daban, zuma daban. Ya auna mata kakinta ya sallame ta. Ya ci gaba da ƙone masu ƙarfi yana renon ragwaye, ragwayen suka haifi irinsu. Ƙudan da ke korar mutum ai shi ke korar tsutsa, shi ke jawo gawa ya fitar waje, shi ke tsare ƙofa. Mai zumar ya mutu ya bar arba'in cikin ɗari, da wani ɗa wanda ya koyi hannunsa tsaf."

Barau ya ce, "Wane gari ne wannan?"

Dage ya ce, "Haba, ranka ya daɗe. Rawaninsa ne a kanka."

Ran Barau ya ɓaci, ya ɗaga wutar ya ce, "Ubana kake zagi? Ba kai ka fasa mini su ba?"

Dage ya ce, "Ni ne, kuma ban sha wuya ba. Da ɗan yatsa nake buɗe su, ba mai ce mini kanzil. Kai da ubanka kuka yi mini kiwonsu, ban taɓa samun damar godiya ba. Amma dubi hancina." Ya ɗaga kai, hancin duk tabo ne. "Sau tara ina hawa tsamiyar nan, sau tara ina faɗowa. Kakannin ƙudajen nan daga wutar ubanka suka tsere, suka yi shekaru a kogon dutse ba mai dama musu ruwan zaƙi, masu mutuwa suka mutu, waɗanda suka rage suka dawo suka shige amyar nan. Su kaɗai ne za su yi maka 'ya'yan da za su cika amyoyin nan naka da suka zama kango. Hau ka ƙone su. Ni tsoho ne, baɗi ma ba lalle in kai ba."

Barau ya ɗaga ido ɗayan da ya rage masa ya dubi amyar, ƙudaje na shiga suna fita da ƙafafu cike da garin fure. Ya tuna amya nawa irinta ya ƙone da hannunsa tun yana bin ubansa ɗiba, ya ƙirga har goma sha ɗaya, ya kasa ci gaba. Ya tusa bakin wutar cikin ƙasa ya murje, ya kwance tarkon, ya ce, "Na ji. Tafi."

Dage ya ja ƙafa yana ɗingishi, ya waiwayo ya ce, "Kada ka gode mini, don cikina na yi. Kuma gobe ma za su harbe ka."

Barau ya ce, "Su harba."

Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan. An ce ya rayu ya ga amya shida sun cika, bai kuma sake ɗiba ba riga ba.