Garwar Maharazu da Kunun Liatu

Akwai wani ɗan kasuwa da aka yi a garin Dayi wajen shekarar 1966, sunansa Alhaji Maharazu. Ko yau na tuna labarinsa sai raina ya ɓaci.

A lokacin an fara kawo wa manoman auduga maganin feshi cikin ƙananan garewani. Kowace garwa akwai hoton ƙoƙon kan mutum a jikinta, don wanda bai iya karatu ba ma ya san guba ce. Da aka gama feshi, mai gari ya sa sankira ya zaga da shela: duk mai garwar magani ya maido ta, za a huda gindinta da ƙusa a binne, kada a zuba ko ruwan wanki a ciki.

Mutane suka bi doka, aka tara garwa sittin. Da yake Maharazu ke da jakuna, shi aka ba ya kai su Malumfashi wurin malamin gona.

Jakunan ba su wuce zaurensa ba. Ya kankare hoton, ya ɗauraye garewanin da toka, ya shafa musu shuɗin fenti, ya baza a kasuwa kowace sule biyu. Don Allah ku ji mugunta. Shi fa ya san abin da hoton yake nufi, shi ya sa ya kankare.

Cikin masu saye har da Liatu, wata mai ƙosai a bakin hanya. Mijinta ya rasu, kaskon nan shi ke ciyar da 'ya'yanta huɗu. Ta ga garwa mai kyau da araha, ta juye man gyaɗarta a ciki.

Kwana uku bayan haka, mutum bakwai da suka ci ƙosanta suka kama amai da karkarwa. Shida suka tashi. Malam Jibo, dattijon da kullum yake sayen na kwabo bayan ya fito masallaci, bai tashi ba.

Nan take gari ya juya mata baya. Wannan ya ce ta yi barbaɗe, wancan ya ce dama mayya ce. Aka daina gaishe ta a rijiya. Dangin mamacin suka ce lallai ta bar garin.

Kuma wa kuke tsammani ya fi kowa ɗaga murya? Maharazu.

Da labari ya kai Malumfashi, malamin gona Abubakar ya hau kekensa ya zo, domin dama wata biyu yana jiran garewanin da ba su iso ba. Ya duba kayan suyar Liatu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan garwar, sai ya sa wuƙa ya kankari fentin, ga sauran jan rubutun kamfani a ƙasa.

Ya ce, “Inna, ina kika sami wannan?”

Ta ce, “Wurin Alhaji Maharazu. Cewa ya yi daga Funtua ya saro su.”

Ranar kasuwa aka taru a gaban mai gari. Abubakar ya roƙi Maharazu ya faɗi waɗanda ya sayar wa sauran, a bi a karɓo kafin a sake yin wata gawar.

Maharazu ya gyara babbar riga, yana taunar goro. “Kai yaro, don ka ci biredin makaranta za ka koya mini kasuwanci? Da hannuna na wanke su, sau uku. Garwa tas take. Matar nan dai a tambaye ta abin da ta zuba.”

Mai gari bai tsawata masa ba, don Maharazu mai faɗa a ji ne. Garwa hamsin da tara na gidajen mutane, wasu da mai, wasu da ruwan sha, Maharazu kuwa rigarsa yake karewa.

Sai Liatu ta miƙe. Ta je wurin mai kunu ta sayi na ɗari, wato rabin kwabo, mai zafi. Ta juye shi cikin shuɗiyar garwar, ta girgiza sosai a gaban kowa, ta tsiyaye a ƙwarya. Ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu.

“Alhaji, ka ce tas take. Bismilla. In ka sha, yau ɗin nan zan kwashe 'ya'yana in bar Dayi.”

Maharazu ya dubi kunun, ya dubi jama'a.

Ya ce, “Ai... azumi nake yi.”

Ɗan Malam Jibo ya taso. “Azumi da goro a baki, Alhaji?”

Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya ga jan goron a leɓensa, kowa kuma ya gane wanda ya kashe dattijon.

Kafin a miƙa shi gaban alƙali, mai gari ya sa shi ya fara gyara ɓarnarsa. Kwana tara yana bin ƙauyuka da ƙafa, dogari na bayansa, har Gozaki, yana shela da bakinsa: “Duk wanda ya sayi shuɗiyar garwa a wurina ya fito da ita, guba ce.” Ya mayar wa kowa sule biyunsa, kuma da hannunsa ya huda kowace da ƙusa.

An samo hamsin da takwas. Ɗayar wata Bafillatana ce ta saya, ita da mutanenta sun riga sun tashi da shanunsu, ba wanda ya san inda suka nufa. Har Liatu ta tsufa, in ta ga masu tallan nono sai ta tsayar da su ta tambaya ko sun taɓa ganin wata shuɗiyar garwa.

Darasi: In an ce a maido da kaya don suna da haɗari, a maido. Kada ka sayar wa mutane abin da kai ba za ka iya sa wa bakinka ba, domin kaya in sun bar hannunka ba duka suke kiruwa ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu sayar da abinci da masu amfani da mazubin maganin feshi.