Wayar da Garma ta Tsinke a Gonar Malam Abu

Akwai wani matashi a Kalgo mai suna Abdulrasheed, sana'arsa kai wa mutane intanet. Ba wani babban kamfani ba ne. Shago ɗaya ne da dogon ƙarfe a bayansa, sai ma'aikacinsa guda, wani dattijo Matiyu, wanda ya tsufa a aikin wayar tarho. Abdulrasheed ya iya aiki, wannan ba a ja. Matsalarsa ɗaya ce: in ya faɗi magana, to ta zauna ke nan.

Wata shekara da rani aka ba shi aikin kai intanet daga cikin garin Gwandu zuwa wata makaranta a Maruda. Suka zauna shawara.

Matiyu ya ce, "Hanya uku ce. Akwai wayar jan ƙarfe, wannan mu bar ta, ba ta da sauri, kuma ɓarayi ba sa barin ta ta kwana. Akwai faiba mai zaren gilashi a ciki, ta fi kowacce sauri, amma sai an binne ta. Sai ta iska: faranti a Gwandu, faranti a makaranta, su kalli juna. Ni dai ta iska nake ba ka shawara."

"Haba Baba Matiyu! Duniya na maganar faiba, kai kana kawo mini faranti?"

"Oga, filin bakin hanyar nan gonakin mutane ne."

"Wace gona? Jiya na bi ta wurin, ko tsinke ban gani ba."

"Ai rani ne. Bari ruwa ya sauka ka sha mamaki. In dai faiba ce dole, a je wurin mai gari, a san masu gonakin, ramin kuma ya kai ƙugu."

Abdulrasheed ya yi kunnen uwar shegu. Ƙasa ta bushe ƙamas, masu haƙa suna ta ƙorafi, shi kuma ya riga ya yi wa mai makarantar alkawarin mako biyu. Sai ya ce su haƙa taƙi ɗaya su rufe. Mai gari kuwa, ko sallama bai samu ba. Da aka gama, ya dubi mai makarantar ido da ido ya ce an binne waya har ƙugu.

Jama'a, ruwan farko na sauka manoma suka fita huɗa. Wani dattijo, Malam Abu, yana bin garmar shanunsa a gefen gonarsa, sai ya ji ta sarƙe da wani abu, ƙas! Ya duƙa ya ga baƙar waya ta tsinke. Don kada ta harɗe ƙafar shanu, ya janye abin da ya fito, ya naɗe, ya kai gida ya rataye a zaure.

Mai makaranta ta kira Abdulrasheed rai a ɓace, intanet ya ɗauke, ga ɗalibai ana koya musu jarrabawar kwamfuta. Ya taso daga Kalgo da Matiyu. Suna isa gonar ya ga sawun garma ya bi ta kan ramin. Nan take ya san abin da ya faru, ya kuma san mai laifi. To amma me zai ce wa matar da ya yi wa ƙarya?

Aka nuna masa gidan mai gonar. Yana leƙa zaure ya hango wayar a rataye. Wallahi da ya tsaya ya yi sallama ya tambaya, da magana ta ƙare a nan. Ina! Sai ya ga mafita ta samu.

"Ga ɓarawon nan! Ku zo ku gani! Tsoho da kai, da furfurarka, kana haƙe wayar mutane!"

Mutane suka taru. Malam Abu ya fito da taɓon gona a ƙafarsa, yana cewa, "Ɗana, tsaya ka ji, garma ce..." Abdulrasheed bai bar shi ya ƙarasa ba. Ya ɗaga wayar sama yana ihu, alhali ya fi kowa sanin faiba ba jan ƙarfe ba ce, ba mai sayen ta ko a bola. Matiyu ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Cikin taron wani ya ɗaga wayar hannunsa yana ɗaukar bidiyo.

Kafin kwana biyu bidiyon ya zaga Gwandu, ya kai Masama da Dalijan.

Matiyu ya kafa farantan nan biyu da ya faɗa tun farko, intanet ya dawo makaranta a yini ɗaya. Da ya sauko daga tsani ya ce, "Oga, waya mun gyara. Saura mutumin. Na yi shiru ranar nan, kuma shirun yana cina. Kai ban san yadda kake ji ba."

Yadda yake ji? Abinci ya daina yi masa daɗi. In ya tayar da salla, fuskar Malam Abu ce ke tsaya masa, da wannan "Ɗana, tsaya ka ji." Ya yi mako uku yana fama da kansa, sannan ya koma Maruda wurin liman.

Liman ya dube shi ya ce, "Ka san da safiyar ranar Malam Abu ya zo nan? Cewa ya yi ya tsinci waya a gonarsa, in yi cigiya bayan azahar, mai ita ya zo ya karɓa. Haka muke yi da tsintuwa. Ka riga azahar zuwa." Ya ƙara da cewa mutanen da suka saba ba dattijon ajiyar hatsi sun fara zuwa suna kwashe kayansu, shi kuma ya daina zama majalisa.

Kunya ta rufe Abdulrasheed.

Ranar Juma'a bayan an sallame ya miƙe a gaban jama'a. Ya faɗi komai: taƙi ɗaya, rashin zuwa wurin mai gari, ƙaryar da ya yi wa mai makaranta, da ƙazafin da ya yi yana sane. Ya sa Matiyu ya ɗauki bidiyo. Sannan ya durƙusa gaban Malam Abu ya ce, "Baba, ka yafe mini don Allah."

 Dattijon ya ce, "Na yafe maka, ɗana, duniya da lahira. Mutanen garinmu sun ji. Amma ɗiyata tana aure a Masama, an nuna mata abin nan a gidan biki. Waɗancan wa zai gaya musu?"

Abdulrasheed ya saki bidiyon neman gafarar a duk inda ya sani. Ya je Masama da ƙafarsa, ya je Dalijan. Sai dai kun san halinmu: na ihun kowa ya tura, na ban haƙurin ɗaiɗaiku ne suka kalla har ƙarshe.

Bayan wata biyar, yana cikin motar haya zai koma Kalgo, mutumin da ke gefensa ya fashe da dariya, ya miƙo masa waya. "Malam, ka ga wannan? Wani tsohon ɓarawon waya ne aka kama a Maruda. Kai, duniya!"

Abdulrasheed ya kalli bidiyon, idonsa ya ciko. Ya ce, "Ba ɓarawo ba ne. Dubi mai ihun da kyau. Ni ne, kuma ƙarya nake yi."

Mutumin ya dubi wayar, ya dube shi, dariyar ta tsaya. A hankali ya ce, "Ayya. Ai na riga na tura wa mutum goma."

Darasi: In ka yi kuskure a aikinka, ka ɗauki abinka, kada ka ɗora wa wanda ba zai iya kare kansa ba. Wayar da ta tsinke ana gyara ta a yini guda, amma mutuncin da ka zubar wa bawan Allah, ko ya yafe maka, ba lallai ka iya tattaro shi ba. Mu ma masu turawa mu ji tsoron Allah, mu bincika kafin mu danna. Ku tura wa 'yan uwa wannan, ko ya tsayar da yatsan wani.