Tokar Gari da Rigunan Sarki

An ce wai an yi wani sarki, Mainasara, mai son a ga fadarsa fes. Shekara guda ya ninka haraji har sau biyu don ya tufatar da fadawansa, ya aika wa Nomau, shugaban marinan garin, riguna ɗari a rina kafin Sallah. Sallah ta zo ta wuce, ko ashirin ba a gama ba.

Sarki ya fusata, ya ce a ƙwace marinar, a kori Nomau daga gari. Tsoho ya faɗi yana kuka: "Ranka ya daɗe, baban rini na nan, ruwa na nan. Toka ce babu, rini kuwa ba ya kamawa sai da ita. Da matan gari kyauta suke ba mu, bana ko da kuɗi ba ta samuwa."

Fadawa suka kwashe da dariya. Wa ya taɓa jin toka ta yi wuya? Alƙali Ɗalhatu kaɗai bai yi dariya ba. Ya roƙi a jinkirta hukunci kwana ɗaya, a kwaso tokar murhun kowane gida, a kwaso ta madafar fada daban.

Kashegari aka zuba tsibi biyu gaban sarki. Abin al'ajabi, tokar fada ita kaɗai ta fi ta gari duka tsawo!

Alƙali ya ce, "Allah ya ba ka nasara, gidan da ke hura wuta sau uku, yanzu sau ɗaya yake hurawa, wani ma sai bayan kwana biyu. Harajin da ka karɓa, daga tukunyar talakawa ya fito. Nomau ba shi da laifi. Mai laifin ba ni da ikon hukunta shi, sai dai ya hukunta kansa."

Sarki ya daɗe yana duban ɗan tsibin, idonsa ya ciko. Ya mayar da haraji yadda yake, ya buɗe taska aka yashe rijiyoyi aka gyara kasuwa, ana biyan 'yan gari lada kullum. Kafin kaka hayaƙi ya koma gidaje, Nomau ya kawo rigunan suna sheƙi. Ƙaramin tsibin kuwa sarki ya sa a ajiye masa a ƙwarya kusa da gadon sarauta har ya rasu.

Shi ya sa masu hikima ke cewa, sarkin da ke son sanin arzikinsa, murhun talakawansa zai leƙa kafin taskarsa.