Kariya a Tsakar Gidan Inna Ladidi

Ku gyara zama. In na kai ƙarshen wannan, bakina zan rufe, shari'ar taku ce.

A wani ƙauye na gindin dutse akwai wata tsohuwa, Inna Ladidi, mai ɗan gida ɗaki biyu. Marigayi mijinta mutum ne mai son furanni. Da yana raye, har masu wucewa kan leƙo ta katanga. Da ya rasu, guga ya fi ƙarfin Inna, awaki suka cinye abin da rana ta bari.

Sai babban ɗanta, Alhaji Sabo, ya zo daga birni, ya tsaya yana kallon busasshiyar tsakar gida.

"Inna, gidan da ko shuka ba ta rayuwa, ta yaya zan bar ki a ciki? Na sami mai saye. Haɗa kayanki."

Ba mugu ba ne, tsoro yake kada ta faɗi babu kowa kusa. Amma Inna ta san in aka kai ta gidan bene ba za ta ga baɗi ba. Ta yi kuka, ta yi magiya, har ya gaji ya ce, "Zan dawo ranar Sallah. In na tarar da fure ko ɗaya, kin zauna. In babu, mota na ƙofar gida."

Saura wata biyu, ga bazara, ga rijiya ta ja baya. Inna ta aika aka kira 'ya'yanta mata uku.

Babbar, Hansai, ta je kasuwa wajen mai sayar da shuke-shuke. Ya jera mata furanni masu ɗaukar ido a cikin baƙaƙen ledoji, yana ta zuba musu kirari. Tambaya ɗaya ta yi masa: sau nawa ake ba su ruwa? Ya ce safe da yamma. Ta juya ta dawo hannu wofi, Inna kamar ta haɗiye zuciya. Hansai ta ce wanda ba ya iya ɗaga guga ba ya zaɓen fure da ido. Abin da ya dace da gidan nan kariya ce, wadda ke fitowa a kan dutse, ta yi jan fure a tsakiyar rani ba mai ba ta ruwa, akuya kuma ba ta ko sunsuna ta. Sai dai Hansai mai ciwon gwiwa ce, ko tudun ƙofar gida da ƙyar take hawa.

Ta tsakiya, Tabawa, ita ta ɗauki fartanya ta hau dutsen. Kwana biyu tana nema kafin ta sami wadda ta isa fure, maƙale a tsagar dutse. Ta haƙo ta da ƙaton gindinta ba ta tsinke saiwa ba, ta ɗoro ta a ka. Ruwan jikin kariya dafi ne. Ta iso gida hannuwa a kumbure, ido ɗaya ba ya buɗuwa.

Aka dasa, ta kama, ta fara fitar da kawunan fure. To, a nan tsoro ya yi wa Inna mugun aiki. Ta kasa yarda akwai mai rai da ba ya son ruwa. Duk alwalar da za ta yi, a gindin kariyar take yi. Maƙwabta ma, duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta kwara wa kariyar moɗa guda, wai ta samu lada. Saura mako huɗu, kawunan suka fara zuba.

Auta, Kulu, ita ta danna gindin da yatsa ta ji ya yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar kabewa. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta tumɓuke kariyar, ta yanke ruɓar da wuƙa, ta shafa toka, ta shanya ta a inuwa kwana biyar. Inna ta ga begenta kwance a ƙasa, saiwa a waje, ta gaya wa Kulu maganganun da uwa ba ta gaya wa ɗiya. Kulu ta shanye. Ta sake dasa ta a yashi da tsakuwa cikin fasasshiyar randa, ta tare a gidan, ta hana uwarta kusantar randar da buta, uwar kuwa ta daina amsa gaisuwarta.

Jajiberin Sallah babu komai sai sanda tsirara da kai guda da bai zuba ba. Da aka sauko idi Inna ta ji tsayuwar mota, ta kasa fitowa daga ɗaki. Ta ji takun Alhaji Sabo da na mai saye sun nufi wajen randar.

"Inna, fito," in ji shi. "Kin zauna."

Fure ɗaya ne tak, ja, ko gama buɗewa bai yi ba.

Da baƙi suka watse, Inna ta zare munduwar azurfa da ta gada wajen uwarta, ta ce munduwar ta wadda ta cece ta ce. Ta dubi mai ciwon gwiwa, ta dubi mai tabo a hannu, ta dubi wadda ta sha zaginta, hannunta ya tsaya a sama.

To, ku faɗa mini: wadda ta san abin da za a shuka, ko wadda ta hau dutse ta kawo, ko wadda ta ɗauki fushin uwa ta hana shi mutuwa, wace ce za a sa wa munduwar?