Saƙon da Hamdiyya Ta Goge

Hafizu matuƙin jirgin ruwa ne a Yelwa, mutumin kirki mai fara'a, sai dai Allah bai ba shi haƙurin jira ba. Ko shayi aka zuba masa, sai ya ƙona harshe.

Babbar dukiyarsa tana cikin wayarsa. Kafin Bappa, ƙanen mahaifinsa da ya koya masa tuƙi, ya rasu, Hafizu ya naɗi muryarsa yana bayyana inda kututturan itatuwa suke ɓoye a ƙarƙashin ruwan Kainji, da hanyar da ake bi zuwa Wara idan ruwa ya janye. Har yanzu bai gama haddace hanyar ba, don haka duk rani sai ya saurara kafin ya ɗauki fasinja.

Amaryarsa Hamdiyya ta taɓa karɓar wayar, ta maƙala mata ɗan filash na ajiyar bayanai ta ramin caji. Ya yi ta yi mata dariya, wai ta sa wa waya wutsiya. Ita dai ta yi murmushi.

Wata Talata yana bakin ruwa, Hamdiyya ta turo masa saƙon murya, ta kuma goge kafin ya buɗe. Abin ya tsaya masa a rai. Abokinsa Cindo ya ce yana da wata manhaja mai dawo da gogaggen saƙo, ba a samun ta a rumbun manhajojin waya, hannu da hannu ake tura ta. Nan take ya tura masa. Sau biyu wayar tana gargaɗin Hafizu cewa ba a san asalin manhajar ba. Sau biyu yana danna amincewa. Gida kuwa tafiyar minti goma ce a babur.

Kafin la'asar wayar ta cika da tallace-tallace, ta yi zafi, daga nan ta ƙi buɗewa. Mai gyara a kasuwa ya ce ba makawa sai an goge komai. Haka aka yi. Hafizu ya koma gida, ga ruwa ya fara janyewa, ga muryar Bappa ta tafi.

Da ya gama ba ta labari, Hamdiyya ta tashi ta buɗe kwanon da take ajiye 'yan kunnenta, ta ɗauko filash ɗin nan.

"Ga wutsiyar da ka yi wa dariya, Malam."

Ta maƙala a wayarsa. Sai ga Bappa yana gyaran murya, yana cewa a bar tsibiri ta hannun dama. Hafizu ya saurara har ƙarshe. Can ya ɗago.

"To Amarya, mi kika goge?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. "Cewa na yi ka dawo da wuri, gidan ba daɗi in ba ka. Sai na ji kunya. Da ka tambaya, ai da na faɗa maka."

Darasin da ke nan shi ne, kada gaggawa ta sa ka shigar da baƙon da ba ka san asalinsa ba cikin wayarka, balle idan ita kanta ta gargaɗe ka. Abin da kake tsoron rasawa, ka ajiye shi wuri biyu. Abin da kake son sani kuma, ka tambayi mai shi.